Silifar da na cire daga cikin kunkurun Auta

Shekarun baya, ba masu yawa ba, amma dai sun kai yadda mutum zai ba da labarin abin kunyarsa bakinsa bai yi nauyi ba, na yi wa ɗiyata wani abu da har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai. Ita ta daɗe da yafewa. Ita ce ma ta ce in rubuta muku, wai tunda kullum ina cika ku da labarin na gyara wannan na gyara wancan, yau ku ji wanda na ɓata.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni mai gyaran rediyo ne a Anka. Firamare na gama, sai karatun allo, sauran kuwa a kan benci na koya. Na yi zamanin rediyo mai cin manyan batura, na yi na kaset, yanzu muna fama da fitilun caji da ƙananan lasifikoki. A duk tsawon shekarun nan ka'ida ɗaya nake bi, wadda maigidan da ya koya mini aiki ya bar mini: duk abin da ke motsi a cikin na'ura, shi ne ciwonta. Ka girgiza rediyo kusa da kunnenka, in ka ji wani abu yana kaɗawa, to ka kama ɓarawon. Ka ɗaure shi. Na ɗaure noti a rayuwata har ban san iyaka ba, kuma ka'idar nan ba ta cika ba ni kunya ba.

Ɗiyar da nake magana ita ce ƙaramarmu, Auta muke ce mata. Ni na koya mata riƙe ƙarfen narka dalma tun ba ta kai tsawon bencina ba. Da ta girma ta samu makarantar gaba da sakandare, ta ɗauki fannin lantarki da na'urori. A wani dogon hutu sai ga ta ta sauko daga mota rungume da kwali, ta ƙi yarda kowa ya taya ta ɗauka.

Ta ce, "Baba, ga mutum-mutumin da nake gaya maka."

Ni na zaci zan ga abu mai kai da hannuwa. Abin da ya fito daga kwalin faifan ƙarfe ne mai tayoyi huɗu, wayoyi sun yi masa cirko-cirko, ga wani akwatin sabulu na roba an dasa a tsakiyar bayansa. Innarta ta leƙo daga madafa, ta kalle shi sama da ƙasa, ta ce, "Wanga ai kunkuru na." Daga ranar sunan ya bi shi.

Su uku ne a aikin, za su je wata gasa ta ɗalibai a birni. Ɗaya ya ƙera jikin, ɗaya ya yi tayoyi da ƙananan injinan da ke juya su, ita kuma aka ba ta abin da ya fi wuya: kunkuru ya san inda yake. A gasar za a ajiye shi cikin wani ɗan murabba'i da aka zana a ƙasa, ya tafi da kansa, ya sha kwana sau huɗu, ya dawo ya tsaya cikin murabba'in. Ba rimot, ba ido, ba layin da zai bi. Malaminsu ya yanke mata rana: ta turo hoton bidiyo kunkuru yana zuwa yana dawowa. In ranar ta wuce bai gani ba, zai miƙa sashen ga wani ɗalibi mai wata dabara daban, kuma shi zai tafi gasar a maimakonta.

Na ce, "To ba ido ba rimot, da mi zai gane hanya?"

Ta ce, "Da jin jikinsa. Tashi in nuna maka."

Ta ja ni har shagona. Kusa da ni akwai abokina mai faci, mun haura shekara talatin muna makwabtaka muna tsokanar juna. Ta roƙe shi ya goya ni a babur ɗinsa, ni kuma in rufe ido, in riƙa faɗin duk abin da jikina ya ji.

Ya ce, "Ka riƙe ni da kyau, tsoho. In ka faɗi ba ni da facin mutum."

A kan kwalta ban kuskure ko ɗaya ba. Na ce mun juya dama, na ce ka ƙara wuta, na ce ka taka birki, yanzu mun kai daidai mai shayi. Abokina yana cewa kai, tsohon nan da sauransa. Sai ya sauka daga kwalta ya faɗa wata hanya ta bayan kasuwa, duk ramuka da duwatsu. Haƙorana suka shiga haɗuwa. Ban ƙara sanin ko juyawa muke ko miƙewa ba. Da ya tsaya ya ce in faɗi inda muke, na ce ƙofar masallaci. Na buɗe ido, ashe gaban mahauta muke, wani ungulu yana kallona.

Da muka dawo, Auta ta buɗe akwatin sabulun ta nuna mini wani ɗan allo da bai fi farcen babban yatsa ba. Ta ce sunansa sensa. Yana jin juyi, yana jin turi, kamar yadda na ji a kan kwalta. Duk ƙiftawar ido yana faɗa wa ƙwaƙwalwar kunkuru abin da ya ji, ita kuma tana tarawa da lissafin da Auta ta rubuta a kwamfuta, tana cewa yanzu muna nan, yanzu muna can. Ta ce masifar abin ita ce kuskure ba ya ɓacewa, taruwa yake yi. "In ka karkace da faɗin yatsa a nan Anka, Baba, kafin ka kai Gummi ka daɗe da faɗawa daji." Na tuna ta fara wani bayani a kan hanyar bayan kasuwa, amma ban saurara ba, ina can ina musu da abokina cewa da gangan ya yi ta zagaye da ni don ya ba ni kunya. Rabin darasin na ɗauka, na bar rabin da ya fi amfani a ƙasa.

Abin da idona ya kama shi ne abin da sensar ke zaune a kai. Guntun silifa ne, shuɗi, na wani tsohon takalmin Innarta da maɗaurinsa ya tsinke. Auta ta yanka shi ta manna da gam, ta ɗora allon a sama. Na sa yatsa na taɓa, na ji ya ɗan lotsa ya dawo.

Na ce, "Auta, wanga abu fa shina motsi."

Ta ce, "Haka nake so, Baba. Ka bar shi."

Wayarta ta yi ƙara, ɗaya daga cikin abokan aikinta ne, ta fita tana amsawa. Da ta dawo ta rufe akwatin sabulun ta bi bakinsa da gam saboda ƙura. Ni kuwa abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko ka'idar maigidana. Na biyu, kuma shi ne babba in zan faɗi gaskiya, kunya. Na hango ɗiyata a birni, an buɗe abinta gaban 'ya'yan manya, an ga silifa, ana cewa ga 'yar mai gyaran rediyo ta zo da takalmin uwarta.

Abin haushin shi ne kunkuru yana aiki. Ta zana murabba'i da alli a daɓen tsakar gida, ta kunna shi, ta ce kowa ya tsaya cak har ta ƙirga goma, don a wannan lokacin ne sensar ke koyon yadda rashin motsi yake. Sai ya tashi, ya sha kwanarsa huɗu, ya dawo ya tsaya, tayarsa ɗaya a kan layi. Ta ce saura kaɗan, tana son ya shige ciki duka kafin ta ɗauki bidiyon. Ran da za su tafi bikin suna a Gummi ita da Innarta, da safe ta ɗan taɓa lissafin, amma mota ta zo ba ta samu gwadawa ba. Ta kawo mini kunkuru shago ta ce, "Baba, amana. Kaji na shiga ɗakina."

Bayan azahar na fito da shi daga loka. Shekara arba'in na yi ina buɗe kayan mutane ina mayarwa ba su gane an taɓa ba. Na ɗumama reza na bi bakin gam ɗin a hankali. Na ɓamɓare silifar na wurga a kwandon shara. Na yanko guntun ƙarfe daga cikin wata tsohuwar rediyo, na goge shi har yana sheƙi, na huda, na ɗora sensar, na zura noti huɗu suka ratsa akwatin sabulun suka kama jikin kunkuru kam. Kawunansu suka ɓuya ƙarƙashin mazaunin batir. Na taɓa da yatsa, ko gezau. Na rufe akwatin na bi bakinsa da gam yadda na same shi. Wallahi ranar na ji daɗin aikina.

Abokina ya leƙo yana goge hannu. "Mi kake yi ma kayan yarinya?"

Na ce, "Kunya nake fidda ta."

Ya ɗauko guntun silifar daga kwandon ya matsa shi da yatsu biyu, ya mayar. Ya ce, "Ni dai da roba nike cin tuwo, ban taɓa ganin inda anka sa ta a banza ba."

Na ce ya koma kan tayoyinsa, lantarki ba hurumin masu faci ba ne.

Niyyata ita ce in bari ta gwada, ta ga ya shige murabba'i tsaf, sannan in ce to zo ki ga abin da tsohonki ya yi. Har na shirya yadda zan yi murmushin.

Sun dawo saura kwana biyar a tura bidiyo. Ta kunna, muka ƙirga goma. Kunkuru ya tashi da wata ƙara da ban san shi da ita ba, kamar ana kaɗa cokali a kwano. Kwanar farko ya sha da ƙyar. Ta biyu ya zarce. Daga nan ya miƙe ya nufi madafa, kaji suka watse, ya je ya tokari randa yana ta juya taya.

Auta ta bi shi ta ɗauko. Ta juyo ta ce, "Baba, ba wanda ya taɓa shi ko?"

Na ce, "Yana cikin loka tun da kunka tahi."

Na sha gaya wa kaina cewa ban shirya ƙaryar nan ba, faɗowa ta yi. Amma faɗowa ta yi daga bakin da ya saba. Sau nawa na ƙona wani abu a rediyon mutum na ce masa ruwa ne ya shiga? Mai gyara ba ya cewa ni na ɓata, haka muka taso muka ga ana yi.

Ta ce, "To lissafin da na taɓa ne." Ta koma kan kwamfuta.

Ta mayar da lissafin yadda yake kafin tafiyarsu, kunkuru ya sake komawa randa. Nan hankalinta ya fara tashi. Washegari ta nuna mini lambobi a kan kwamfuta. In kunkuru na tsaye, suna kwance lafiya. Da zarar injinan taya sun tashi sai su hau rawa kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Ta ce ƙila wutar injinan ce ke shiga wayoyin sensa, ko wata dalma ta saki. Ta roƙe ni in sake bin duk wayoyin waje. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, aiki mai kyau, tana tsaye tana cewa sannu Baba, Allah ya bar mana kai. A lokacin zuciyata ta riga ta fara gaya mini ba waya ba ce.

A kwana na uku ta ɗauko wuƙa za ta buɗe akwatin sabulu. Wannan ne wurin da ya fi yi mini ciwo. Na ce, "Kar ki fasa. Gam ɗin ya kama, in kika matsa za ki tsinke wayoyin ciki, kuma ba ki da wata sensar. Na girgiza shi a kunne, ba abin da ke motsi."

Ta ajiye wuƙar. Ta ajiye ne don ni na faɗa. A duniya ba wanda ta yarda da kunnensa a kan na'ura kamar ni.

Daga nan ta shiga warware aikinta da hannunta. Lissafin da ta yi watanni tana ginawa, ta riƙa cire wannan tana ƙara wancan, tana neman kuskuren da babu shi. Abinci sai Innarta ta yi faɗa take ci. Daɓen tsakar gida ya cika da zanen alli, kowane gwaji ta sa alama inda kunkuru ya ƙare, alamomin suka bazu ko'ina ban da cikin murabba'i.

Ni kuma na koma shago na zauna ban iya gyara ko tocila ba. Abokina ya ja kujera ya zauna kusa da ni.

Ya ce, "Na ji an ce kunkuru ya koma shan ruwa a randa."

Na ci gaba da juya tocilar a hannu.

Ya ce, "Ran da na bi da kai bayan kasuwa, mi ya sa ka ce masallaci alhali kana gaban mahauta?"

Na ce girgiza ce ta rikita ni.

Ya ce, "To." Ya miƙe. Ya kai bakin rumfarsa ya juyo. "Ka ɗauki yaron mutane ka ɗaure shi a kan ƙarfe, ba kujera ba soso, kana son shi faɗi hanya. Ka gaya mata, tsoho. In ba ka gaya mata ba, ni ba ni faɗi, amma shayina ka daina sha."

Sai a lokacin rabin darasin da na bari a ƙasa ya taso ya same ni. Na yi tunanin in gyara a ɓoye. Na duba kwandon shara, an daɗe da zubarwa. Kuma ko da na samu wata robar, Auta ba ta ƙara barin kunkuru ya yi taku ɗaya daga idonta ba. Na kuma gane wani abu: ko na mayar a ɓoye, ita ta riga ta hargitsa lissafinta mai kyau, ba za ta san ta koma kansa ba sai an gaya mata cewa tun farko ba shi da laifi. Duk na san wannan, amma na sake kwana ɗaya da bakina a rufe. Girman kai yana da nauyin ɗauka, ajiye shi kuma ya fi wuya.

Ranar ƙarshe, na dawo daga sallar la'asar na same ta zaune a daɓe, ta jingina da bango, kunkuru a gefe, waya a hannu. Innarta na tsintar shinkafa a tabarma. Na tambayi Auta me take rubutawa. Ta ce saƙo ne ga malaminsu, ya ba wancan ɗalibin wurinta tun da sauran lokaci, kar ta ja wa abokan aikinta asara.

Ba kuka take ba. Da kuka take da ya fi mini sauƙi. Ta ɗago ta yi ɗan murmushi ta ce, "Baba, ina ganin ranar farko sa'a ce kawai. Ƙila kaina ne bai kai nan ba. In mun koma zan ga ko za su bar ni in canja fanni."

Yarinyar da na ga ta gyara fitilar makwabta tana 'yar firamare. Ita ce ke cewa kanta bai kai ba, saboda noti huɗu da na ɗaura.

Na ce, "Kar ki tura. Miƙo mini kunkuru."

Na zaro sukundireba daga aljihu, don ba na rabuwa da ita. Na cire batir, na ɗaga mazauninsa, kawunan noti huɗu suka bayyana. Na kwance su a gabanta ɗaya bayan ɗaya. Na yanke gam, na buɗe akwatin sabulu, na juya shi ta gani. Ga ƙarfena yana sheƙi.

Na ce, "Ni na cire silifar, ran da kunka tahi Gummi. Kin tambaye ni na yi miki ƙarya. Kin zo buɗewa na hana ki. Lissafinki ba shi da laifi, ni ke da shi."

Ta daɗe tana kallon ƙarfen. Ta ce, "Kwana biyar, Baba."

Innarta ta ajiye faifan shinkafa ta matso ta leƙa. Ta ce Auta ta gaya mata amfanin silifar. Auta ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, tana shanye girgizar injina ne don kar ta kai ga sensa.

Innarta ta tafa hannu. "Ai gammo kac cire mishi, Malam! Ka taɓa ganin mai tallan nono ta ɗora ƙwarya a kan ƙoƙon kanta ba gammo? Tun daga ruga har kasuwa, da mi za ta iso?" Ta juya ta shiga ɗaki tana ci gaba da faɗa, muna jin tana jan kaya a ƙarƙashin gado. Ta fito da ɗaya ƙafar silifar, shuɗiya, ta jefo mini a cinya. "Ga 'yar'uwarta. Allah ya sa ban yar ba. Kai kab ɓata, kai za ka yanka."

Auta ta zana mini girman da alli, na yanka daidai, ban ƙara ban rage ba, ban kuma ba da shawara ba. Ta manna, ta ɗora sensar. Ta lalubo tsohon lissafinta a kwamfuta, wanda ta taɓa da safen tafiya Gummi ba ta taɓa gwada shi da gaskiya ba. Muka jira gam ya sha iska, rana tana sauka. Innarta ta kora kaji ta rufe su. Auta ta sa ƙafa ta goge duk alamomin allin, ta bar murabba'i kaɗai, ta miƙa wa Innarta waya ta nuna mata inda za ta danna. Ni ba ta ba ni ba.

Ta kunna. Muka ƙirga goma, ni a zuci nake ƙirgawa ina haɗawa da salati. Kunkuru ya tashi shiru, ƙarar cokalin nan ta tafi. Kwana ta farko, ta biyu. Ya wuce randa bai ko kalle ta ba. Ta uku, ta huɗu. Ya shigo murabba'i ya tsaya, tayoyinsa huɗu duka a ciki. Ashe gyaran da ta yi da safen nan daidai ne tun farko.

Innarta ta rangaɗa guɗa har wayar ta karkace, in ka kalli bidiyon ƙarshensa sararin sama ne da reshen darbejiya. Haka aka tura shi kafin kiran magariba.

Kada ku zaci nan take komai ya wuce. Kwana biyu Auta tana durƙusawa ta gaishe ni da safe yadda ta saba, ta kawo mini abinci, amma ban da gaisuwa ba ta ce mini uffan. Ban taɓa sanin ladabi yana iya zama bulala ba sai a kwanakin nan. A na uku na kira ta na ce ta yafe mini, na faɗi kalmar da bakina, abin da ban tuna na taɓa ce wa wani ɗa nawa ba. Ta ce ƙarfen ba shi ne ya dame ta ba, don ta san ƙauna ce ta sa. Abin da ya dame ta shi ne ina kallo tana zargin kanta.

Da yamma sai ga ta a shago da kunkuru da guntun ƙarfen nan nawa. Ta ajiye a benci ta ce batir yana ɗan zamewa in an sha kwana. "Nan ne ake son ɗauri, Baba. Ka ɗaure iya ƙarfinka."

Abokina ya leƙo daga rumfarsa ya ce, "A kawo ma tsoho shayi, an mai da shi bakin aiki."

Ta je gasar. Ba su ne suka zo na ɗaya ba, wasu sun fi su sauri. Amma kunkuru ya je ya dawo gidansa a gaban jama'a, da silifar Inna a cikinsa da ƙarfena riƙe da batir. Na tambaye ta ko an yi mata dariya da aka ga silifar. Ta ce waɗanda suka leƙa tambaya suka yi kaurin nawa ta yanka. Ba ta canja fanni ba, da shi take aiki yanzu.

Na yi ta juya maganar nan tata, cewa kuskure ba ya ɓacewa, taruwa yake. Ranar da ta tambaye ni, karkacewar faɗin yatsa ce. Da na ce ni ne, da an yi dariya an yanka wata silifar kafin shinkafa ta nuna. Kowace rana da na ƙara a kai ta ƙara nisa, har na kusa kai ɗiyata dajin da za ta bar abin da Allah ya ba ta. Har yanzu ina ɗaure noti, ka'idar maigidana tana nan da amfaninta. Sai dai in na buɗe na'ura na ga wani abu da ban gane dalilinsa ba, nakan tambaya kafin in taɓa. In kuma na ƙona abu, nakan ce na ƙona. Karon farko da na faɗa wa wani mai rediyo haka, sai da ya tambaye ni ko lafiya nake.

In Auta ta zo hutu takan bar kayan aikinta a shagona. Duk ran da ta zo ɗauka sai ta tsaya a bakin ƙofa, ta karkata kai, ta ce, "Baba, ba wanda ya taɓa ko?"

Zuwanta na bara na ce mata, "Na buɗe na leƙa, amma ban ɗaure komai ba."

Ta yi dariya har ta riƙe ƙofa. Ta ɗauki kayanta ta tafi, ba ta ko duba ba.